Tarihin Auna Iskar Kabon Monoksaid Daga Sararin Samaniya

Kabon monoksaid iska ce mai guba wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana samuwa ne idan itace, gawayi, fetur ko ciyawa suka ci wuta ba tare da sun ƙone ƙurmus ba. Tana yin kimanin wata ɗaya zuwa biyu a sama kafin ta narke, lokacin da ya isa iska ta ɗauke ta daga wata nahiya zuwa wata, amma bai isa ta gauraye ko'ina daidai ba, wannan ne kuma ya sa masana suke iya bin sawunta har zuwa inda ta taso.

Kafin 1981 ana auna ta ne a tashoshi kaɗan na ƙasa da jiragen ruwa da na sama, kuma yawancin masana sun ɗauka cewa motoci da masana'antun Turai da Amurka ne babban tushenta. A watan Nuwamba na wannan shekarar hukumar NASA ta ɗora na'urar MAPS a kan kumbon Columbia, ta sake tura ta a 1984 da 1994. Na'urar tana ɗauke da ƙaramar kwalaba cike da kabon monoksaid, wadda take tace zafin da ƙasa ke fitarwa zuwa sama, wato hasken infirared da ido ba ya gani, ta yadda za a gane adadin da iskar ta shanye a hanya. Awon Oktoban 1984 ya nuna tarin iskar a kan kudancin Afirka da Kudancin Amurka, inda ake ƙona daji da gonaki a lokacin rani, abin da ya tilasta wa masana su sake lissafi.

Tafiyar kumbo ba ta wuce kwanaki kaɗan, don haka aikin bai zauna da gindinsa ba sai da aka harba tauraron ɗan Adam mai suna Terra ranar 18 ga Disamba, 1999, ɗauke da na'urar MOPITT ta ƙasar Kanada, wadda James Drummond na Jami'ar Toronto ya jagoranci aikinta. Daga Maris na 2000 zuwa 2025 taswirorinta sun nuna yadda hayaƙin ƙonar daji ke tashi a Afirka ta Yamma a watannin hunturu, sannan ya koma kudu da ikwaita wajen Agusta, sun kuma kama gobarar dazuzzukan Indonesiya ta 2015. Darajar MOPITT ta fi yawa a tsawon rayuwarta, domin awon fiye da shekara 20 da na'ura ɗaya ne ya tabbatar da cewa yawan iskar yana raguwa sannu a hankali, musamman a arewacin duniya. A 2017 Turai ta harba tauraron Sentinel-5P da na'urar TROPOMI, wadda ke zagaye duniya kullum tana bambance hayaƙin birni ɗaya da na maƙwabcinsa.