Ƙirgen Asarar Wutar Daji a Kalifoniya, daga Bel Air zuwa Paradise

A watan Nuwamba na 1961 wutar daji ta afka wa Bel Air, unguwar masu hannu da shuni a Los Angeles, ta lashe gidaje 484. Da jami'ai suka bi sawun ɓarnar, sai suka lura da gidaje masu rufin katako: iska ke kwaso garwashi ta zuba a kansu, gida ya kama tun wutar ba ta iso ƙofarsa ba. Amma an daɗe ana jan ƙafa. A 1991 wata wutar ta cinye gidaje kusan 3,000 a tsaunukan Oakland, mutum 25 suka rasu. A 2008 jihar ta tilasta wa sabbin gine-gine a yankunan haɗari rufin da ba ya kama wuta, da raga a kafofin shan iska.

Yau aikin ƙirgen asarar ya sake kama. Wuta na lafawa, jami'an hukumar kashe gobara ta jihar, CAL FIRE, za su shiga gida-gida, su ɗauki hoto, su rubuta irin rufi da taga da bango, har da shingen da ya jingina da gini. Idan abin da ya ƙone ya haura rabi, gidan ya tafi ke nan a lissafinsu. Wanda ya tsira ma ana rubuta shi, kuma a ganina nan ne hikimar take. Bayanan kan hau taswira a intanet, ta yadda mai gudun wuta zai san makomar gidansa tun ba a buɗe hanya ba.

Amfanin wannan ya fito fili bayan gobarar garin Paradise ta 2018, wadda ta kashe mutum 85, ta ƙona gine-gine sama da 18,000. Da jaridun McClatchy suka tace bayanan, sai suka ga kusan rabin gidajen da aka gina bayan 2008 sun tsira, a tsofaffin kuwa ko ɗaya cikin biyar bai kai ba.

Sai dai dokar 2008 ba ta taɓa gidan da ya riga ta ba, ga shi irinsu ne suka fi yawa. A Janairun 2025 gobarar Palisades da ta Eaton a yankin Los Angeles suka ƙona gine-gine sama da 16,000.