Ƙwallon da Ya Fashe a Hannun Freddie: Masu Kallo da Death Wish na Biyar

Cikin dare, ƙwallon ƙafa ya gangaro farfajiyar wani gida da ke kewaye da na'urorin tsaro. Babu wanda ya buga shi. Mai gidan, wani makashin haya da ake kira Freddie, wanda amosari ya addabe shi har aka yi masa laƙabi da shi, ya fito yana dube-dube, ya ga ƙwallo yana yawo shi kaɗai, ya sunkuya ya ɗauka. Can gefe wani dattijo mai gashin baki na tsaye riƙe da rimot. Ya yi masa ba'a a kan amosarin, ya danna maɓalli, wuta ta tashi da kan Freddie.

Wannan ita ce fitowar da aka fi tunawa a fim ɗin Death Wish V: The Face of Death, wanda ya shiga gidajen silima na Amurka a watan Janairun 1994. Dattijon kuwa Charles Bronson ne, yana da shekara 72, a karo na biyar kuma na ƙarshe da ya fito a matsayin Paul Kersey, mai zanen gine-ginen da ya koma ɗaukar doka a hannunsa. Fim ɗin bai tara fiye da kimanin dala miliyan 1.7 a silima ba, alhali na farko, shekara ashirin kafin nan, ya tara kusan miliyan 22. Masu sharhin jaridu sun yi masa ca, suka wuce. Amma masu kallo ba su wuce ba. Har yau idan masoyan Bronson suka haɗu, na biyar ɗin nan ne ke raba kawunansu, kuma abin da suke gardama a kai ya fi fim ɗin kansa cancantar nazari.

Sai an koma 1974 kafin a gane gardamar. Darakta Michael Winner ya ɗauko labarin ne daga littafin Brian Garfield na 1972. Kersey na farko mutum ne mai sanyin hali, wanda a yaƙin Koriya ya ƙi ɗaukar makami, ya yi aiki a sashen jinya. Wasu 'yan iska uku suka bi matarsa da 'yarsa gida daga kanti, suka kashe matar, suka ci zarafin 'yar har hankalinta ya gushe. Makaminsa na farko sulalla ne da ya ɗura a cikin safa. Bindigar ma kyauta aka ba shi a Tucson, can jihar Arizona. Daren da ya fara harbe mutum, ya ruga gida ya durƙusa a banɗaki yana amai. Abu mafi muhimmanci, wanda da yawa suke mantawa, shi ne bai taɓa gano waɗanda suka kashe matarsa ba. Duk waɗanda ya harbe a titi da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa wasu ne daban, masu ƙwace da suka faɗa tarkonsa.

Saboda haka a 1974 gardamar ta ɗabi'a ce. New York na fama da fashi da kisa, baitulmalin birnin na dab da durƙushewa, mutane na tsoron fita da dare. An ruwaito yadda 'yan kallo ke tafi da sowa duk sanda Kersey ya ɗana kunama. Vincent Canby na jaridar New York Times ya yi tir da fim ɗin, Roger Ebert ya yaba gwanintar aikin amma ya nuna fargaba kan saƙon, shi kuwa Garfield abin ya dame shi har ya rubuta wani littafin, Death Sentence, a 1975, don ya nuna cewa hanyar jarumin nasa ɓata ce. Tambayar kowa a lokacin ɗaya ce: shin mutumin nan yana da gaskiya?

Daga nan labarin ya faɗa hannun kamfanin Cannon na Menahem Golan da Yoram Globus, 'yan kasuwar da suka san inda kuɗin kaset yake. Na biyu ya fito a 1982, aka mai da Kersey Los Angeles, aka kashe 'yarsa da mai aikin gidansa, wannan karon kuma aka bar shi ya farauci ainihin masu laifin ɗaya bayan ɗaya. Ebert bai ba shi ko tauraro ɗaya ba. Canjin ƙarami ne a ido, amma ya sauke wa mai kallo nauyi babba: wanda ake kashewa yanzu ya ci bashin jini, ramuwa ce ake yi.

Na uku, na 1985, shi ne ya zama ma'aunin da ake auna sauran da shi, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. An ce unguwar Brooklyn ce, amma a Landan aka ɗauki yawancinsa. 'Yan daba masu fenti a goshi sun mamaye unguwar tsofaffi, shugaban 'yan sanda da kansa ya sakar wa Kersey mara. Akwai inda ya rataya kyamara a kafaɗa, ya sayi askirim yana tafe yana lasa, har wani ɓarawo mai saurin gudu ya fizge kyamarar, sai Kersey ya zaro wata ƙatuwar bindiga ƙirar Wildey ya harbe shi a baya, maƙwabta suka leƙo ta taga suna murna. A ƙarshe ya tarwatsa shugaban 'yan daban da roka a cikin ɗaki. Fim ɗin ya fito ne ƙasa da shekara guda bayan Bernhard Goetz ya harbi matasa huɗu baƙar fata a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, a Disamban 1984, jaridu suna kwatanta shi da Kersey. Duk da haka, abin da ya wanzu a zukatan masu kallo dariya ce. Haukar fim ɗin ta kai inda ba a iya ɗaukarsa da gaske, sai ya zama abin da abokai ke taruwa su kalla suna ƙyaƙyatawa. Na huɗu, na 1987, wanda J. Lee Thompson ya ba da umarni, ya haɗa gungun dillalan hodar ibilis biyu faɗa da juna, ya samu kusan dala miliyan 7, ya fi cin kasuwa a kaset.

To, da wannan tarihin a ka masu kallo suka tari na biyar. Cannon ta riga ta durƙushe, Golan ya tafi da haƙƙin labarin sabon kamfaninsa, 21st Century. Allan Goldstein ne darakta, Toronto ta Kanada ce ta tsaya a madadin New York. Kersey na zaune da sunan aro ƙarƙashin shirin gwamnati na ɓoye shaidu, yana koyarwa, yana neman auren Olivia, mai zana tufafi, wadda Lesley-Anne Down ta fito a matsayinta. Tsohon mijinta Tommy O'Shea ɗan mafiya ne da ya shaƙe masana'antarta. Da ta yarda za ta ba da shaida a kansa, aka fasa mata fuska a madubi, daga baya aka kashe ta. Sauran labarin kowa ya sani tun kafin a nuna shi.

Masu kushe fim ɗin su ne mafiya yawa, kuma ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne. Suna cewa ya yi kama da fim ɗin talabijin, titunansa tsaf-tsaf, babu datti da zafin New York na da. Suna cewa an daɗe ana zagaye kafin Kersey ya motsa, kuma da ya motsa gawarwakin ba su taka kara sun karya ba. Suna cewa jarumin ya tsufa, ba ya gudu, ba ya dambe, sai dabara: guba a cikin cannoli, wani kayan zaƙi na Italiyawa, ga ƙwallo mai bam, ga tura mutum cikin kwatamin asid. A wurinsu kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, domin sun zo neman rokar na uku ne aka miƙa musu kayan marmari.

Masu kare shi kuwa kan abubuwan nan dai suke kafa hujja, sai dai su juya su. Tsohon da ya haura saba'in, in ji su, da wayo zai yi yaƙi, kuma fim ɗin ya mutunta shekarun mutumin da bai sa shi tsalle-tsallen ƙarya ba. Suna yawan ambaton Michael Parks, wanda ya fito a O'Shea, yana magana ƙasa-ƙasa da barkwanci mai sanyaya jiki, suna cewa duk jerin babu mugun da ya kai shi armashi. A nan suna da gaskiya. Parks kamar a wani fim ɗin daban yake, wanda ya fi wannan kyau, kuma ba da jimawa ba Quentin Tarantino da Robert Rodriguez suka fara jawo shi cikin ayyukansu. Akwai kuma waɗanda ba fim ɗin suke karewa ba, mutumin suke karewa. Matar Bronson, Jill Ireland, wadda suka fito tare a na biyu, ta rasu a 1990 bayan fama da sankarar mama. Wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe a silima. Mai kallon da ya san haka, in ya ga dattijon na tsaye a kan gawar wata matar kuma, ba lallai ya iya raba Kersey da Bronson ba, kuma ba zai so a taɓa masa sallamar gwaninsa ba.

Idan aka jera ra'ayoyin nan gefe da gefe, abin lura shi ne wurin da suka haɗu ba tare da sun sani ba. Ɓangarorin duka suna muhawara ne a kan salo: kisan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ya burge ko bai burge ba, guba ta fi ko roka. Tambayar 1974 ta ɓace ɓat. Da wuya a ji mai kushe na biyar yana cewa laifin fim ɗin shi ne ya halasta wa mutum zama ɗan sanda da alƙali da hauni a lokaci guda. An riga an sallama wannan tun tuni, saura kawai a ga yadda za a aiwatar.

Wani zai ce ai hakan na nuna fim ɗin ba shi da illa, tunda babu mai ɗaukarsa da muhimmanci, kuma wa zai koyi ta'addanci daga ƙwallo mai rimot? Hujjar tana da ƙarfi, musamman da yake lokacin ma ya sauya. Kashe-kashe a New York sun kai ƙololuwa a 1990, da mutum 2,245, daga nan suka fara raguwa, kuma a watan da fim ɗin ya fito ne Rudy Giuliani ya hau kujerar magajin gari da alƙawarin murƙushe masu laifi. Tsoron da ya cika silima a 1974 ya fara sassautawa, matasa kuma sun koma ga Steven Seagal da Jean-Claude Van Damme. Sai dai rashin illar ba daga sama ya faɗo ba, gina shi aka yi fim bayan fim. An fara da mutumin da ke amai bayan kisa, aka ƙare da wanda ke sakin barkwanci kafin kisa. An fara da abokan gaba da ke sa mai kallo shakka, matasan titi da ba su san matarsa ba, aka ƙare da 'yan mafiya masu kwat da ke azabtar da ma'aikata da injin guga. An ƙara da ɗan sandan da ke sayar da sirri ga miyagu, domin kada wani ya ce me ya hana a jira hukuma. Duk wata ƙofa da shakka za ta iya shigowa an toshe ta, har mai kallo ya rasa abin tattaunawa sai kayan aiki.

Mai karatu a Zamfara ko Katsina, wanda ya ga yadda aikin 'yan sa-kai ke farawa da kare gari ya zarce zuwa ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ya san ainihin abin da aka cire daga labarin. A fina-finan da suka biyo bayan na farko, Kersey ba ya kuskuren mutum. Harsashinsa ba ya sauka a kan ɗan kasuwar da ya yi kama da ɓarawo, kuma babu wani ƙanin mamaci da ke girma da ƙudurin fansa. Fim na farko kaɗai ne ya bar wannan tsoron a buɗe, shi ya sa shi kaɗai ne ake iya yi wa gardamar gaske.

Golan ya so ya yi na shida ba tare da Bronson ba, kamfaninsa ya karye kafin a fara. Bronson ya yi wasu fina-finan talabijin uku a matsayin ɗan sanda mai iyali, ya rasu a watan Agustan 2003. A Maris na 2018 Eli Roth ya sake ɗaukar labarin daga tushe, da Bruce Willis a matsayin Kersey, likitan tiyata a Chicago. Fim ɗin ya fito makonni kaɗan bayan harbin makarantar Parkland a Florida, masu sharhi suka farfaɗo da tsohuwar tambayar da zafinta, masu kallo da dama kuma suka fito suna cewa sun ji daɗinsa. Sunan na 1974 ya ɗauka, amma tsarin na baya-bayan ya bi: Kersey ya gano waɗanda suka shiga gidansa, ya kashe su duka, ɗaya ma ta hanyar sakar masa mota a ka a gareji, ɗan sandan da ke binciken kuma ya kau da kai. Garfield, wanda ya ƙirƙiri mutumin kuma ya shafe shekaru yana nesanta kansa da abin da aka mai da shi, ya rasu a Disamban wannan shekarar.