Shekarar da Gulbin Rima Ya Yanke Hanyar Kwalkwalawa

Tun daga watan Oktoba na 2024, sa'ad da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 a Illela, muhawara ba ta lafa ba a majalisun birnin Shehu, domin yayin da wasu ke ganin ƙofar arziki ce ta buɗe, wasu tambaya suke yi, me za ta tsinana wa manomin da ba shi da ko hanyar fitar da albasarsa daga fadama.

Tambayar tana da asali. Turawa sun kai dogo Kano a 1911, suka ja reshe daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, kuma da yake gyaɗa da auduga suke bi, ba maslahar talakawa ba, sai Gusau ta bunƙasa, cibiyar Daular Usmaniyya kuwa aka bar ta da hanyar mota kurum.

Amma wanda yake son ya ga ƙimar hanya da idonsa, sai ya tuna da Kwalkwalawa a watan Satumba na 2010. A farkon watan aka buɗe ƙofofin madatsar Goronyo saboda ta cika maƙil, bayan mako guda kuma mafitar rarar ruwanta ta ɓalle, gulbin Rima ya tumbatsa, ya shafe gonakin shinkafa da gero ana dab da girbi, ya kuma tsinke hanyar Kwalkwalawa da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ƙauyukan da ke hayin gulbi. Karatu ya tsaya. Malami da ɗalibi, da mai sayar da kifi, da ɗan kabu-kabu tare da babur ɗinsa, duk suka koma jiran kwale-kwale a bakin ruwa, har sojoji suka kafa gada ta wucin gadi. Mutanen birni sun sha wahala, gaskiya ne, amma asibiti da kasuwa suna ɓangarensu. Wanda ya ɗanɗana ainihin kuɗar shi ne mai naƙuda da majinyaci da manomin tsallake, wanda kuɗin fito ya cinye ɗan abin da ya tsira da shi.

An yi saɓani a kan musabbabin wannan ibtila'i. Wasu suka jingina shi ga ruwan sama da ya wuce misali, suka ce ƙaddara ce. Wasu suka ce sakaci ne wajen kula da madatsar. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa tawakkali yana kore riƙo da sababi ba, kuma barin al'umma mai yawa haka ta rataya ga hanya guda tak a tsakiyar fadama, shawara ce ta mutane, wadda mutane za su amsa tambaya a kanta.

Daga baya an gyara hanyar, motoci suka ci gaba da wucewa. Muna maraba da hanyar Badagry, amma muna kira ga hukumomi da su ware wa gadoji da hanyoyin ƙauyukan Wamakko da Silame da Binji da Tangaza rabonsu a cikin kasafi, don amfanin gonarsu ya iske babbar hanyar.