Daga Risit Zuwa Kariyoba: Abin da Na Gani a Ofishin Jarrabawa

Wata rana da hantsi, a shekarun da nake riƙe da ofishin jarrabawa na sashenmu a wata babbar makaranta cikin birnin Sakkwato, wani dattijo ya yi sallama a bakin ƙofa. Tun asuba ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Goronyo, da takarda a ninke cikin aljihun taguwa. Muka gaisa, na tambayi gida da gona, sannan ya miƙo mini ita da hannu biyu. Ya ce, "Malam, don Allah hwaɗa mini gaskiya. Yaron ga ya ci ko ya hwaɗi? Ya ce an ƙara mai aji, kuma ya ce ana bin shi bashin karatu." Na duba takardar, na ce, "Baba, duka biyun gaskiya ya faɗa maka."

Har yau ban ji wanda ya fassara kariyoba, wato kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi ya ɗauko zuwa aji na gaba, da kyau kamar dattijon nan ba. Bashi ne, kuma kamar kowane bashi, wanda bai san yadda ake lissafa shi ba shi ya fi shan wahalarsa.

Ni mutumin Wurno ne, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ya rasu a 1837, kabarinsa na nan. A makarantar allo da muka taso, maimaici shi ne karatun kansa. Ba a yi maka ƙari sai ka iya na jiya, ba ka wanke allo sai malam ya ji ya gamsu. A zauren ilimi ma haka: mutum ya sauke Ishmawi ko Risala, ya koma ya sake ɗaukar littafin daga farko wurin wani malamin, mutane su yaba masa himma. Ba a rubuta ko'ina cewa ya taɓa tuntuɓe. Da wannan tunanin iyayenmu ke kallon boko, shi ya sa maganar "faɗuwar da ba ta gogewa" take yi musu wuyar shiga kai.

Bokon da muka fara tararwa na Ingilishi ne. A kwalejin horar da malamai, wanda ya faɗi takarda ɗaya ko biyu a jarrabawar Giredi Tu sai a ce yana da "rifad". Zai tafi ya kama koyarwa a firamare, ya dawo ya sake rubuta abin da ya kubce masa. Na koyar a ƙasar Rabah tare da malamai da suka yi shekaru suna bin takardar Lissafi ko Turanci. A jami'a kuwa, jarrabawa ta ƙarshen shekara ce. Haka Jami'ar Zariya ta kasance tun kafuwarta a 1962, haka kuma akasarin jami'o'in Arewa suka tashi, lokacin da aka kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1977, kafin a sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Ka faɗi kaɗan, a ba ka "risit", wato damar sake rubuta jarrabawar, cikin dogon hutu. Ka sake faɗuwa, ka maimaita shekarar gaba ɗaya, har darussan da ka ci. Ka kuma faɗuwa, a sallame ka.

Tsarin yana da zafi. Na san wanda takarda ɗaya ta mai da shi baya shekara guda, ya zauna aji ɗaya da ƙannensa, kunya ta hana shi zuwa gida hutu. Amma yana da wani alheri da muka manta: bashin ba ya daɗewa a wuyan mutum. Cikin makonni kaɗan ka san matsayinka.

Sauyin daga Amurka ya samo tushe. Jami'ar Nsukka ta fara da tsarin kwas-kwas tun 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan. Sai Dokar Soja ta 16 ta 1985 ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ikon tsara mafi ƙarancin ma'aunin karatu, a 1989 kuma hukumar ta fitar da kundin da ya ɗora jami'o'in ƙasar nan kan turba ɗaya: zango biyu a shekara, kowane kwas da nauyinsa na yunit, kowane maki da darajarsa. A shekarar ce aka kafa NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, irin ta Shehu Shagari da ta fara a 1970 a matsayin babbar kwalejin malamai. Makarantun kimiyya da fasaha da na aikin gona, har da Kwalejin Aikin Gona ta Wurno, suna ƙarƙashin NBTE da ke Kaduna tun 1977, su kuma ma'auninsu a maki 4 yake tsayawa.

Mu da muka ga zamanin maimaita shekara mun yi murna da zuwan sabon tsari, kuma har gobe ina ganin ya fi na da adalci. Ɗalibi ya wuce gaba da abokansa, abin da ya faɗi kawai zai ɗauko. Sai da na zauna gaban babbar takardar sakamako, da jan biro da na'urar lissafi ta hannu, kafin kwamfuta ta karɓi aikin, sannan na ga inda gizo ke saƙa.

Ga yadda abin yake a ma'aunin jami'a mai maki 5 da muka fi daɗewa da shi. Daga 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. B daga 60, daraja 4. C daga 50, daraja 3. D daga 45, daraja 2. E daga 40, daraja 1. Abin da ya gaza 40 F ne, ba shi da komai. Ana ninka darajar da nauyin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi wa rijista. Abin da ya fito shi ne GPA na zangon, tarinsa tun daga shiga makaranta kuma CGPA.

To ɗauki yaro ya yi rijistar yunit 20. Ya samu C a yunit 17, ya faɗi kwas ɗaya mai yunit 3. Makinsa 51, a raba da 20, ya tashi da 2.55, alhali da ya samu C a wancan ma da 3.00 yake. Baɗi ya dage, ya sake kwas ɗin, ya ci A. Zai zo ofis yana fara'a, yana ganin ya goge. A yawancin jami'o'inmu bai goge ba. F ɗin farko na nan, yunit ɗinsa 3 na cikin abin da ake rabawa da shi. Kwas ɗin ya ci masa yunit 6, ya ba shi maki 15, wato 2.5 ke nan a kan kowane yunit. Makin A bayan faɗuwa bai kai C na karon farko ba. Na sha rubuta wannan lissafi a bayan ambulan ina nuna wa ɗalibai, kuma ban taɓa sabawa da yadda fuskarsu ke sauyawa ba. A darajojin digiri, tsakanin daraja ta uku da "tu-tu" akwai layi a 2.40, tsakanin "tu-tu" da "tu-wan" a 3.50. Kariyoba biyu a shekarar farko sun isa su bar mai ƙoƙari a ƙasan layi da tazarar da ba ta kai tsinke ba, ya fita da ita har ƙarshen rayuwar aikinsa.

Wannan na maki ne. Na tsari ya fi cin rai. Ba a yarda ɗalibi ya wuce yunit 24 a zango ba, kuma bashi ake fara sawa kafin sabon kwas. Idan bashin ya yi yawa, dole a ajiye wani kwas na ajin da yake ciki, shi ma ya koma jira. Akwai kwasa-kwasan da ba a ɗauka sai an ci na ƙasansu. Kwas na zangon farko ba a koyar da shi a na biyu, saboda haka sai shekara ta zagayo. In ta zagayo, lacca ta haɗu da lacca a sa'a ɗaya, ya rasa wadda zai shiga, ga dokar halartar kashi 75 cikin 100, ga gwajin cikin zango mai ɗauke da maki 30 ko 40. Da yawa sukan bar laccar kariyoba suna cewa ai sun taɓa jin ta, su sake faɗuwa. Daga nan sai "sifil": abokai su tafi, kai ka dawo shekara ta biyar saboda kwas ɗaya, ka biya kuɗin makaranta da na ɗaki. Digiri mai shekara 4 iyakarsa shekara 6. Ɗalibanmu kuma da yawa ba da wuri suke shiga ba. A haɗa sifil da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022, mutum ya haura shekara 30 kafin ya kammala, a ba shi takardar yafewa maimakon hidimar ƙasa.

Me ke kayar da 'ya'yanmu na gabashin Sakkwato? Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, na rantse da wannan. Yaro ya zo daga makarantar da malamin Lissafi ɗaya ke riƙe da aji shida, a jefa shi ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, ana zuba Turanci ta lasifika. Kwas ɗin Turanci na kowa da kowa da Lissafin shekarar farko su ne ramin da aka fi faɗawa. Ga gona. Wanda kuɗin rijistarsa daga albasa da tafarnuwar fadamar Wurno ko shinkafar ƙasan madatsar Goronyo yake fitowa, ba zai ƙi zuwa gida lokacin cira ba, ko da gwaji na tafe. A ambaliyar Satumbar 2010, ruwan Rima ya cinye gonaki da gidaje daga Goronyo zuwa ƙasa, ya yanke hanyar mazaunin dindindin na jami'a. Waɗanda suka koma karatu bayan nan sun koma ne da tunanin rumbun da ruwa ya tafi da shi.

Sai kuma tashin hankalin da ya biyo baya: harin Tabanni a ƙasar Gandi a Yulin 2018, na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, da rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 a shekarar, har da Rabah da Goronyo, a zamanin da rijista da duba sakamako duk sun koma intanet. Abin da ya fi ƙona mini rai a nan shi ne akwai mafita a cikin doka. Ɗalibin da ya ga ba zai iya zama jarrabawa ba, saboda rashin lafiya, ko haihuwa, ko hanya ta rufe, yana iya rubuta takardar neman ɗage zango ta hannun shugaban sashe. In an amince, zangon ba ya shiga lissafi. Wanda ya yi rijista kuma ya ɓace shiru, kowane kwas F za a rubuta masa. Ɗan malamin jami'a ya san wannan tun a gida. Ɗan manomin Gandi sai bayan ɓarna yake ji.

Ba dole ne abin ya zauna haka ba. Jami'o'i da yawa a Amurka, inda tsarin ya fito, suna barin sabon maki ya maye gurbin tsoho a lissafi, a kan kwasa-kwasai ƙayyadaddu, ko da F ɗin ya zauna a takarda. A nan gida ma, masu karatun likita har yanzu risit suke yi. Ra'ayina shi ne a buɗe gajeren zango cikin dogon hutu, mai sauƙin kuɗi, don masu bashin kwas ɗaya ko biyu, musamman 'yan ajin ƙarshe. Kuma malamin da aka ba kula da aji ya daina zama mai sa hannu a fom kawai. Ya zauna da yaro minti goma ya duba nauyin da zai iya ɗauka, domin wanda CGPA ɗinsa ke rawa, yunit 18 da zai ci sun fi masa 24 da za su danne shi.

Ɗan dattijon nan na Goronyo mun zauna da shi a ranar, gaban mahaifinsa, muka tsara sauran zangunansa a takarda. Ya yi sifil na zango ɗaya, ya fita da "tu-tu", yanzu yana koyarwa.

Kirana ga ƙungiyoyin ɗaliban Wurno da Rabah da Goronyo, da 'yan bokonmu da suka riga suka wuce ta wannan hanya: duk shekara, kafin sababbin ɗalibai su hau mota zuwa Sakkwato, ku tara su da iyayensu, ku yi musu wannan lissafi da Hausa a kan allo, ku nuna musu yadda ake rubuta takardar ɗage zango, kuma ku ba kowannensu lambar wani babba da zai kira ranar da ya ga F na farko a gaban sunansa.