Daga Fijo Zuwa Motar Lantarki: Wa Ke Zaɓa Mana Mota?

Yau zancen mota nake tafe da shi, domin tun da fetur ya yi tashin gwauron zabi ake ta tambaya a majalisu ko motar lantarki za ta karɓu a ƙasar nan. Ni a ganina amsar tana cikin tarihin motocin da muka so da waɗanda muka juya wa baya.

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ke shigowa, gwamnatin tarayya ta haɗa hannu da kamfanonin waje aka kafa masana'antu shida na harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, sai Mercedes a Inugu. Ta Kaduna da ta Ikko sun fara fitar da mota a 1975. Har gobe in ka bi hanyar Badagry za ka ji yaran mota suna kiran "Volks", sunan tashar da ke bakin tsohuwar masana'antar. Ƙaramar motar nan Beetle kuwa Yarbawa suka raɗa mata Ijapa, wato kunkuru, saboda ƙirarta.

Amma sarauniyar wancan zamani ita ce Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo. Bayan an harbe Janar Murtala Muhammed cikin baƙar Marsandi a ranar 13 ga Fabrairun 1976, motar da har yanzu ke ajiye a gidan tarihi na Onikan, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, Fijo ta zama motar manyan ma'aikata. Daga nan ta shiga tasha. Duk wanda ya girma a zango ya san Fijo wagon da ke ɗaukar fasinja daga Ikko ta bi Jebba da Tegina ta kwana a hanya, ta wayi gari a Kano. Me ya sa aka yarda da ita? Mai karatu, Fijo tana da tsayin ƙafa, tana jure rami, ga shi ko a ƙauyen Mokwa ta lalace za ka samu bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta kuma ba sai an je birni ba.

Sai 1986 ta zo, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Nan ne kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai, waɗanda Yarbawa ke kira tokunbo, mu kuma mu ce 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam. Da farko mutane sun raina motar Japan, ana cewa gwangwani ce, ba ta da ƙarfe. Abin da ya sauya ra'ayi shi ne ta fi tsimin mai, sannan 'yan kasuwar Ladipo da ke Mushin da na Nnewi suka cika shagunansu da kayan gyaranta. Kafin a ankara Toyota da Honda sun zama 'yan gida, har muna yi musu laƙabi. Wa bai san Honda Hala ba, ko wadda ake kira End of Discussion? A tashoshinmu kuwa Golf da Sharon da bas ɗin Homa suka gaji Fijo.

Haka aka yi da babur, kuma wannan ya fi shafar yaranmu 'yan acaba. Suzuki da Yamaha aka sani, sai Jincheng ta ƙasar Sin ta shigo da araha ta mamaye titi, daga baya Bajaj ta Indiya ta ture ta saboda shan mai kaɗan da juriyar kaya. Ba wanda ya tambayi ƙasar da aka ƙera ta. Tambayoyi uku kullum mai saye ke yi: wa zai gyara mini, ina zan samu kayan gyara, nawa zan sayar in buƙata ta taso? Domin a wurin Bahaushen da ke neman kuɗi a Kurmi mota jari ce, wani lokaci ma ita ce asusun da za a fasa ranar auren 'ya ko biyan kujerar Makka.

To, yanzu mu auna motar lantarki da wannan sikeli. Abin alfahari ne cewa ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, shi ya zana surar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, motar da aka nuna samfurinta a 2007, mai tafiya da batir tare da ƙaramin injin fetur. Ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa ne kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Ikko a ƙarshen 2020, kuma a 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri ma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai masu dariya suka fara sauraro.

Duk da haka shakkun jama'a yana da tushe. Wanda wuta ba ta wuni a unguwarsa, da me zai yi caji? In da janareta ne, ai an gudu ba a tsira ba. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar, ƙarfinsa kuma yana raguwa da shekaru, zafi ma na cin sa, ke nan mai sayen ta hannu yana cikin duhu. Daga Ikko zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, direban da ya ɗauko goro ko fasinja ba zai yarda ya tsaya a dajin Birnin Gwari yana neman soket ba. A ɗaya hannun, motar ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, sassan da ke juyawa a cikinta kaɗan ne. Shi ya sa nake ganin za ta shigo mana ne ta ƙasa, ta babur da Keke Napep da bas ɗin cikin gari, masu gajeren zango, waɗanda za su iya sauke batir su ɗora wani. Suna ma ba zai hana ba: a 2025 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya wuce Tesla a yawan motocin batir zalla da aka sayar a duniya, kuma mun ga yadda kayan Sin ke shigo mana.

Abin da ke damuna shi ne inda za mu tsaya ranar da hakan ta faru. Da kasuwa ta koma tokunbo, mu muka riƙe tuƙi da lodi, wasu suka riƙe shagon kayan gyara, ribar kuma kowa ya san inda ta fi yawa. Yaranmu da dama sun rasa abin yi sa'ad da gwamnatin Ikko ta hana acaba a manyan ƙananan hukumomi a 2020 da 2022, saboda tuƙi kaɗai suka iya. Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin tasha da iyaye, a tura yara koyon wayarin da haɗa sola da gyaran batir tun yanzu, ko da yaro biyu ne daga kowane zango. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya ba mu sa'ar nema, ya kai matafiyanmu gida lafiya, amin.