Rage Cin Sitaci da Rage Ƙiba: Tasirinsu ga 'Yan Wasan Ƙarfi

Tsarin rage cin abinci mai sitaci hanya ce ta taƙaita cin hatsi da dankali da rogo da sukari, tare da maye gurbinsu da nama da ƙwai da kifi da mai. Tsarin ya yaɗu a kafafen sada zumunta a matsayin hanyar rage ƙiba cikin sauri, har ya kai ga kunnen matasa masu kokawa da dambe da ɗaga ƙarfe a garuruwan Arewa irin su Potiskum a Jihar Yobe. Tambayar ita ce ko tsarin yana ƙara ƙwazo ga ɗan wasan da nauyin jikinsa yake cikin makamansa.

Asalin tsarin

Wani Baturen Ingila mai suna William Banting ne ya fara yayata irin wannan tsari a wani ɗan littafi da ya wallafa a 1863. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo da ke Amurka ya fito da nau'insa mafi tsanani, wanda ake kira kito, domin kula da masu farfaɗiya. Daga bisani littafin Dakta Robert Atkins na 1972 ya mayar da shi hanyar rage ƙiba ga jama'a. A tsarin kito ba a so mutum ya wuce giram 50 na sitaci da sukari a yini. Giram 100 na busasshen gero yana ɗauke da kimanin giram 70 na sitaci, saboda haka malmalar tuwo guda ko kwanon fura na iya haye wannan iyaka.

'Yan wasan da batun ya shafa

Wannan batu ya shafi 'yan sahun gaba na ƙwallon zari-ruga ta Amurka, waɗanda aikinsu shi ne ture abokan hamayya ko tare musu hanya. A gasar NFL da yawa daga cikinsu sun haura kilo 135, kuma kowace arangama ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi kafin a tsaya a sake shiri. Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya da ya ci kofin gasar sau biyu da ƙungiyar New York Giants, a sahun gaba na masu tsaro ya yi wasa.

A ƙasar Hausa 'yan kokawa ne suka fi kama da su, domin su ma da riƙo da turi da ƙarfin ƙugu suke cin nasara. A gasar Takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, ba a raba 'yan kokawa bisa nauyi, don haka mai jiki yana da fifiko. Ita kuwa gasar kokawa ta ƙasashen ECOWAS, wadda Abuja ta karɓi baƙuncinta a watan Maris na 2025, tana da rukunonin kilo 66 da 76 da 86 da 100 da 120. A irin wannan gasa ce ɗan wasa kan matsa wa kansa ya sauke nauyi kafin ranar awo.

Yadda jiki ke samun ƙarfi

Jiki yana mayar da sitaci sukari, ya adana shi a tsoka da hanta a matsayin wani sinadari da ake kira gilaikojin. Baligi yana iya adana kimanin giram 400 a tsoka da giram 100 a hanta. Yunƙurin farko na 'yan daƙiƙoƙi yana dogara ne da wani ɗan tanadi na gaggawa da ke cikin tsoka, amma idan aka yi ta maimaita yunƙurin, ko riƙo ya yi tsawo, gilaikojin ne ke ɗaukar nauyin aikin. Kitse yana ba da kalori 9 a kowane giram, sitaci kuwa 4, sai dai ƙona kitse yana da jinkiri kuma yana cin iskar shaƙa fiye da ƙona sukari. Shi ya sa kitse ya dace da doguwar tafiya a hankali, bai dace da turnuku mai zafi ba.

Kowane giram na gilaikojin yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Idan mutum ya daina cin tuwo da fura, tanadin yana ƙarewa, ruwan kuma ya fita ta fitsari. Nauyin da ake gani ya ragu a makon farko yawancinsa ruwa ne, kuma yana dawowa da zarar an koma cin hatsi.

Abin da bincike ya nuna

A 2017 Farfesa Louise Burke da abokan aikinta a Cibiyar Wasanni ta Ostareliya sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan ƙwararrun 'yan tseren sassarfa. Bayan mako uku ana atisaye mai tsanani, waɗanda suka ci sitaci sun inganta lokacinsu a tseren kilomita 10, waɗanda suka bi tsarin kito kuwa ba su samu ci gaba ba, duk da cewa jikinsu ya ƙware wajen ƙona kitse.

A wasannin da ake yin yunƙuri guda, sakamakon ya bambanta. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan masu ɗaga ƙarfe ya nuna cewa bayan wata uku a kan tsarin, nauyinsu ya ragu amma abin da suke iya ɗagawa bai ragu ba. Ke nan tsarin bai ƙara musu ƙarfi ba, bai kuma rage ba. Kokawa da dambe sun fi kusa da rukunin farko, domin ana yin turmi bayan turmi, kuma a gasa ɗan wasa kan kara da mutane da yawa cikin 'yan kwanaki.

Game da saurin rage nauyi, wani bincike da aka yi a Norway aka wallafa a 2011 ya gano cewa 'yan wasan da suka riƙa sauke kimanin kashi 0.7 cikin 100 na nauyinsu a mako sun ƙara tsoka, saɓanin waɗanda aka sa su gaggauta. Ga mai kilo 80, wannan ya ɗan haura rabin kilo a mako.

Haɗarin ƙiba da haɗarin gaggawa

Yawan jiki yana da nasa sakamakon. A 1994 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta gano cewa haɗarin mutuwa sanadiyyar ciwon zuciya ga tsofaffin 'yan sahun gaba na NFL ya ɗara na sauran maza da kashi 52 cikin 100. Nauyin da ke taimakon ɗan wasa shi ne na tsoka. Tumbi yana rage zafin nama, yana kuma jawo hawan jini da ciwon sukari, musamman bayan an daina wasa amma ba a rage ci ba.

Gaggawar sauke nauyi ma tana kisa. A ƙarshen 1997 ɗalibai uku 'yan kokawa na jami'o'in Amurka sun mutu cikin 'yan makonni yayin da suke ƙoƙarin rage nauyi ta hanyar ƙin shan ruwa da matse gumi, lamarin da ya sa aka sauya dokokin awo. Rasa ruwan da ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki yana rage ƙwazo. A Potiskum, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, haɗarin ya fi tsanani. Masu rukunin jini na AS, waɗanda suke kusan kashi ɗaya bisa huɗu na 'yan Najeriya, suna buƙatar ƙarin hattara idan atisaye mai zafi ya haɗu da ƙishirwa. Haka kuma a jihar da ta daɗe tana fama da yawaitar ciwon ƙoda, musamman a yankin Gashuwa, bai kamata mutum ya koma cin nama zalla ba sai an duba lafiyar ƙodarsa.

Ma'aunin da masana suka bayar

Matsayar haɗin gwiwa da ƙungiyoyin masana abinci da likitocin wasanni na Amurka da Kanada suka fitar a 2016 ta ba da shawarar giram 5 zuwa 7 na sitaci ga kowane kilo na nauyin jiki ga mai atisaye na kimanin awa ɗaya a yini, da giram 1.2 zuwa 2 na sinadarin gina jiki. Ɗan kokawa mai kilo 80 ke nan yana buƙatar giram 400 zuwa 560 na sitaci, da giram 96 zuwa 160 na sinadarin gina jiki.

Ana iya cika wannan ma'auni da abincin gida. Potiskum tana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Afirka ta Yamma, ga kuma kasuwar hatsi inda ake hada-hadar gero da dawa da wake. Fura da nono tana haɗa sitaci da sinadarin gina jiki da ruwa a kwano guda, wake kuwa yana da fiye da giram 20 na sinadarin gina jiki a kowane giram 100, a farashin da bai kai na nama ba. Wanda yake son sauke tumbi zai fara da rage lemon kwalba da sukarin shayi da soye-soye, ya yi hakan a lokacin hutun gasa, ya bar hatsinsa a ranakun atisaye da na karawa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kada ya rage sitaci sai da shawarar likita, domin sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa da kima.