Daga Ayarin Gwanja Zuwa Kwantena: Tarihin Kai Kayanmu Kasuwannin Maƙwabta

'Yan uwa, a cikinmu nan Kudu akwai masu ƙananan masana'antu na takalma da roba da sabulu da kayan fata, akwai direbobin tirela, akwai dillalai da masu lodi. Tambayar da ke yawan tasowa ita ce: in mutum ya samu mai saye a Kwatano ko Akra ko Maraɗi ko Duwala, ta wace hanya zai aika kayansa har riba ta saura? Wannan tambaya ta girme mu. Kakanninmu sun yi fama da ita, kuma abin da tarihinsu ya nuna shi ne, tsaye-tsayen da ke kan hanya sun fi nisanta cin kuɗi.

Mu fara da zamanin ayari. Tun kafin zuwan Turawa, Kano gari ne na masu sana'a: masaƙa, marina, majema da dukawa. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Timbuktu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Ta kudu maso yamma kuma akwai hanyar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan ɗora wa jakuna tufafi da fata da kanwa, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da Sansanin Mango da Yendi har Salaga, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni.

A kowace ƙasa da ayari ya shiga sai ya biya garama, a bakin kogi kuma ya biya fito. Shi ya sa ba mai ƙarfi ake naɗawa madugu ba, sai wanda ya san sarakunan hanya, ya san nawa ake biya a kowane zango, ya kuma iya ciniki a kai. A can ƙarshen tafiya akwai mai masauki, wanda ke ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙo a kan bashi. Madugu da mai masauki su ne kamfanin sufuri da banki na wancan lokaci.

Canji na farko ya zo ta ruwa. Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya tarwatsa ta. Fatake suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra. A nan suka tarar da jiragen ruwa masu zirga-zirga a gaɓar teku. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko a farkon ƙarni na 20. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, garama da fito na sarakuna da yawa suka koma kuɗin jirgi guda.

Sai kuma dogo. Jirgin ƙasa ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Yawancin unguwannin da muke zaune a cikinsu yau sun bunƙasa ne a gefen wannan layi, kamar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, da Agege inda cinikin goro ya kankama. Amma mu lura da abu ɗaya. Turawa sun shimfiɗa dogo ne domin gyaɗa da auduga da fata da kuza su sauko bakin teku, jiragen kamfani irin Elder Dempster su kwashe zuwa Ingila. Layin Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, na Nguru a 1930, duk ba su ƙetare iyaka ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma a mota ake kawo ta Kano kafin ta hau jirgi. Faɗin dogon da aka shimfiɗa a Dahomey da Togo bai zo ɗaya da namu ba. Haka aka bar mu da tsarin da kai kaya Turai ya fi kai shi gidan maƙwabci sauƙi.

Wannan giɓi ne babbar mota ta cike. Bayan samun 'yancin kai masana'antu sun yawaita a Ikeja da Apapa da Kaduna da Bompai da Sharaɗa da Aba, kuma atamfa da kayan roba da sabulu da takalmanmu sun riƙa shiga Nijar da Chadi da Kamaru da Benin a bayan mota. Gwamnati ta kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1959, amma ya rushe a 1995, aka bar teku a hannun kamfanonin waje.

Domin rage shingaye aka kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. A 1979 ta fito da tsarin ETLS, wanda ya yafe harajin kwastan ga amfanin gona da kayan sana'ar hannu da aka samar a yankin, a 1990 kuma aka shigar da kayan masana'antu. Sharaɗin shi ne kamfani ya yi rajistar kansa da kayansa, ya nuna cewa a nan aka sarrafa su, sannan kowane lodi ya tafi da takardar shaidar asalin kaya. Wanda bai yi haka ba, sabulunsa na Agege zai biya haraji a iyakar Gana kamar daga wata nahiya ya fito.

Sai dai takarda ba ta hana a rufe ƙofa. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a Agustan 2019, ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyakar arewa har zuwa Maris 2024. A kowane karo motoci sun yi layi, kaya sun lalace, masu saye sun koma wa wasu. Ranar 29 ga Janairu, 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu a ƙarƙashin ETLS har sai ta ba da wata sanarwa.

To, yau mene ne a gaban mai masana'anta? Hanyoyi huɗu ne, kowace da inda take tsayawa.

Mota ita ce kan gaba. Tana ɗauka daga ƙofar kamfani ta sauke a ƙofar mai saye, kuma ana iya haɗa kayan mutum da yawa a tirela ɗaya. Daga Legas zuwa Abijan kilomita 1,000 ne da 'yan kai, amma iyaka huɗu ce: Seme, Hilla-Condji, Aflao da Elubo, ban da shingayen da ke tsakaninsu. Kowane kwana da mota ta yi a iyaka kuɗi ne. Ta gabas akwai gadar Mfum da aka buɗe a 2022 zuwa Kamaru, ta arewa maso gabas kuma hanyar Gamboru zuwa Njamena. Sai a tuna Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, takardar ETLS ba ta aiki a can.

Jirgin ruwa ya fi dacewa da kaya mai nauyi da yawa, ko kasuwa mai ɗan nisa irin Dakar. Yana tsallake iyakokin ƙasa gaba ɗaya. Mai kaya da yawa ya ɗauki kwantena mai ƙafa 20 ko 40 shi kaɗai, mai kaɗan ya shiga ta haɗaka a biya gwargwadon wurin da ya ci. Tsaye-tsayensa a tasha suke: jiran shiga Apapa ko Tin Can ko Lekki, kuɗin tasha a nan da can, da sauya jirgi a tasha irin ta Lome.

Jirgin ƙasa har yanzu a cikin gida yake aiki. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, domin a gama da kwastan tun daga Arewa. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, shi ne zai zama dogonmu na farko da ya shiga ƙasar maƙwabta, shekara fiye da 100 bayan isar jirgi Kano.

Jirgin sama kuwa na kaya ne marar nauyi mai tsada, ko samfurin da mai saye ke son gani da gaggawa.

Akwai kuma yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka, AfCFTA, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, lodinmu na farko a ƙarƙashinta ya tashi daga Apapa a Yulin 2024. Ita ce ake sa ran za ta sauƙaƙa kasuwannin da ETLS ba ta kai ba.

Don haka, 'yan uwa, kafin ka yanka wa mai saye farashi, yi abin da madugu ke yi kafin ayari ya tashi. Ka lissafa iyakokin da kayanka za su bi da kuɗin kowace. Ka yi rajista da hukumar NEPC, ka cike fom ɗin NXP ta bankinka, ka nemi shiga ETLS. Ku yi magana a rubuce kan wanda zai biya mota da inshora da kwastan. Ka tanadi hanya ta biyu ko da an rufe ta farko. Sannan ka nemi amintacce a zangon Kwatano ko Lome ko Akra ko Kumasi da zai karɓi kayan, domin jikokin masu masaukin da suka karɓi kakanninmu suna nan har yau.